Kan tambayarka game da tsohuwar maƙabarta

Ɗana, saƙonka ya iso. Da farko na yi dariya, can kuma sai jikina ya yi sanyi. Wai me ya sa ake ta karo-karon katange maƙabartar da ta cika tun ba a haife ka ba, me zai hana a yanka filin a yi gini?

Ina ɗan shekara 12 aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana sallame sallar asuba kakanka ya miƙo min kwando, shi ya saɓa fartanya, bai ce uffan ba. Muka tarar ruwa ya yi hanya ta tsakiyar maƙabarta, kaburbura da dama sun rufta. Akwai wani da gara ta cinye itacensa, ƙasa ta zurma, har ana hango fari-fari a ciki. Gwiwata ta kama rawa. Kakanka ya tuɓe rigarsa ya rufe bakin ramin, ya ce in juya in ɗebo ƙasa. Na ce, "Baba, na wane ne?" Ya ce, "Ban san shi ba. Amma wanda ba zai iya rufa wa kansa asiri ba, shi ake fara rufa wa." Har rana ta take muna jido, muna cikewa, muna daɓewa. Duk inda zan sa ƙafa sai ya dafa kafaɗata: "Bi ta tsakani." Tafin hannuna ya yi kwana uku yana zogi.

Sai daga baya malaminmu ya karanta mana cewa mutum ya zauna kan garwashi ya ƙona tufarsa har fata ya fi masa alheri da ya zauna kan kabari, kuma karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Da aka binne sahabi Usmanu ɗan Maz'unu a maƙabartar Baƙi'a, Annabi (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa. Yau fiye da shekara 1400, Baƙi'ar tana nan a Madina cikin katangarta.

Ku kuwa yanzu maƙabarta ta zama muku yanke da babur da wurin zuba shara. Ko a wajen jana'iza ma, ana zuba ƙasa wani na amsa waya. Ban ce kai ba, amma tsaranka ne.

Maganar gini, wannan ta malamai ce, akwai bayani a kanta, ka je ka tambaye su. Ni abin da ke cin raina daban ne. Kakarka tana kwance gindin wata bishiya da nake gane ta da ita, aka sare bishiyar aka yi itacen girki da ita, ni kuma na yi sakaci ban sa wata alama ba. Idan ka zo hutu ka kama hannuna mu je, in nuna maka inda nake kyautata zaton nan ne.