Za mu iya sa kiɗan da Baba yake so a jana'izarsa?

Tambaya: Baba Fasto, mahaifinmu ya rasu ranar Lahadi, za a yi biso Asabar mai zuwa a Kafanchan. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana da wani kaset na kiɗan kuntigi da ba ya rabuwa da shi, kullum da yamma sai ya sa. Ina so a sa shi ko da sau ɗaya ne. Yayanmu ya ce waƙar duniya ce, ba za ta shiga ba. Gwaggonmu kuma ta kawo wani mai addu'a, ya ce kada a yi waƙar da za ta sa Mama kuka, wai hawaye yana tare wa mamaci hanya, sai dai waƙoƙin rawa. Tun ranar Mama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma cin abinci. Na rasa yadda zan yi.

Amsa: 'Yata, sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙe Mama.

Maganar kaset mai sauƙi ce, da ke da yayanki kowa yana da gaskiyarsa. Jana'izarmu zama uku ce: daren waƙoƙi a gida, sujada a majami'a, sai bakin kabari. Sujada ta ikkilisiya ce, ba ta iyali kaɗai ba. Idan Katolika ne ku, ba a sa waƙar da ba ta ibada ba a cikin Mas. A ECWA ko COCIN da makamantansu fasto da dattawa ne ke yanke magana, kuma da wuya su yarda da kuntigi a gaban bagadi. Amma tsakar gidan ubanku taku ce. A daren waƙoƙi, lokacin da ake ba da tarihinsa, ki tashi ki ce ga abin da Baba yake ji kowace yamma, a sa minti uku ko huɗu. Ban ga zunubi a nan ba. Sai dai ki zauna ke kaɗai ki saurari waƙar daga farko har ƙarshe tukuna. Makaɗanmu na dā sukan sako zambo ko habaici a tsakiyar waƙa mai daɗi, kada baitin da kin manta da shi ya fito a gaban surukai. Ki kuma tambayi Mama, domin daga ranar duk inda ta ji kiɗan nan, ranar biso za ta tuna. Idan ta ce a bar mata shi yadda yake, a bar mata.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne mai addu'ar nan. Na daɗe ina binne mutane, kafin nan na yi shekaru ina koyar da mawaƙan ikkilisiya, kuma kusan kowane gidan makoki na shiga sai na tarar da wannan magana ta riga ni: wai kuka rashin bangaskiya ne, wai hawaye yana jiƙa wa mamaci hanya, wai in ya ɗiga a kan akwati mamacin ba zai huta ba. A ina aka rubuta? Na tambayi masu faɗin haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har yau babu wanda ya buɗe mini aya. Da an matsa musu sai su ce ruhu ne ya nuna musu. Daga nan kuma sai zancen mai na shafewa da kuɗin addu'ar buɗe hanya ya biyo baya, a gidan da ake neman kuɗin mutuware da na akwati.

Ki buɗe Yohanna 11. Yesu ya san sarai zai ta da Li'azaru nan da ɗan lokaci, duk da haka da ya ga Maryamu tana kuka, shi ma ya zub da hawaye, aya ta 35. Wane ne a cikinmu ya fi shi bangaskiya? A Ayyukan Manzanni 8:2 masu tsoron Allah ne suka binne Istifanas, suka yi masa makoki mai zafi. Yusufu ya yi wa Yakubu makoki kwana 7, yana nan a Farawa 50. Dawuda da ya ji mutuwar Saul da Jonatan bai kira masu ganga a yi rawa ba, waƙar makoki ya tsara, ya ce a koya wa mutanen Yahuza, tana nan a 2 Sama'ila sura 1. Ayar da masu hana kuka suke ɗauka su murɗe ita ce 1 Tasalonikawa 4:13. Bulus bai ce kada ku yi baƙin ciki ba. Cewa ya yi kada baƙin cikinku ya zama irin na marasa bege. Karin Magana 25:20 kuwa kamar don mai addu'ar nan aka rubuta ta: mai yi wa mai baƙin ciki waƙa kamar wanda ya tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi.

Na taɓa ganin abin da wannan koyarwa take yi. Wata gwauruwa ce, mijinta ya rasu a hatsarin mota. Mata suka kewaye ta da tulu da kacau-kacau, duk sa'ad da leɓenta ya fara rawa sai a ɗaga murya, a kama hannunta a miƙar da ita, ana ce mata ki yi rawa, Shaiɗan ya ji kunya. Ta yi rawar, idonta a bushe ƙamas, tana riƙe da gefen zaninta. Kowa ya tafi yana yaba bangaskiyarta. Bayan wata biyu 'yarta ta zo ta same ni, ta ce uwar ba ta barci, ba ta magana, ta rame, ta daina zuwa sujada. Ranar da muka zauna a ɗakinta mu huɗu, muka rera waƙar da mijin yake so a hankali, babu ganga, ranar ta fashe da kukan da aka hana ta. Ta yi kusan awa guda. Da ta gama ta nemi kunu.

Ba ina kushe Zumuntar Mata ba ne. Su ne suke kwana a gidan makoki bayan kowa ya watse, su dafa, su share, ba mai biyansu. Waƙar murna kuma tana da wurinta, musamman ga dattijo irin Baba da ya ga jikoki. Amma a bar ta ta zo a kan lokacinta, bayan an sauke nauyin zuciya. Yawancin waƙoƙin ta'aziyya da muke rerawa daga cikin hawaye suka fito. Horatio Spafford, lauya ne a Chicago ta Amurka, ya rubuta tasa bayan 'ya'yansa mata huɗu sun nutse a Tekun Atlantika a 1873. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Kada wani ya zo da kwalbar mai ya koya muku abin da ya saɓa wa wannan. Hanyar Baba ba a hannun hawayen Mama take ba, ba a hannun ganga take ba, Almasihu ya riga ya gama wannan aiki.

Game da waƙoƙin sujada, ki duba Littafin Waƙoƙin Baba na gida. Shafin da ya fi yin datti, ko wanda ya naɗe kusurwarsa, nan zaɓinsa yake. Uku ko huɗu sun isa. Ki zaɓi waɗanda tsofaffi suka haddace, domin a bakin kabari ba mai iya riƙe littafi. Ki kai wa fasto da shugaban mawaƙa kafin a kai takardar shirin sujada wurin bugawa, a ba su ko kwana biyu su gwada. Ki roƙi a ɗauko waƙar da ƙaramar murya, maƙogwaron mai makoki ba ya hawa sama. Idan ke ko wani cikin 'ya'ya zai rera shi kaɗai, a tsayar da mutum biyu a bayansa su karɓa in murya ta tsinke. Kaset ɗin kuma a juye shi a waya tun yanzu, tsohon zare yakan tsinke a ranar da aka fi bukatarsa. Maƙwabtanku Musulmi za su zo gaisuwa, abokan aikinsa na reluwe ma haka, a rage lasifika in an kira salla.

Gwaggonki ki bi ta da ladabi, tsoro ne ya sa ta, amma ki gaya wa fastonku zancen mai addu'ar yau, shi ya sallame shi. Yau da dare ki shiga ɗakin Mama da kaset ɗin, ke da yayanki, ku rufe ƙofa. Idan ta yarda ku sa mata a hankali. In ta fara kuka kada ku ce mata ta yi shiru, ku riƙe ta kawai. Idan kuma aka ƙara kwana biyu ba ta ci ba ta sha ba, ku kai ta asibiti a duba ta, musamman in tana da hawan jini ko ciwon suga, kada ku jira sai an gama biso.