Tambaya da amsa: Shuka bishiya a garin da ake sayen ruwa, ba ɓarna ba ce?

Tambaya daga wani ɗan'uwa mazaunin Jidda: Assalamu alaikum Injiniya. Dan Allah ina son ƙarin bayani, kullum muna jin za a shuka bishiyoyi miliyan kaza a Saudiyya saboda zafi, alhali ruwan da muke sha daga teku ake tace shi, wani lokacin ma sai mun kira wayit, wato tankar ruwa, mun biya. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Kuma ruwan sama da ya sauko sai garin ya cika, ina amfanin lambun?

Wa alaikumus salam Alhaji, tambayarka ta yi ma'ana sosai. Gaskiya in da ruwan tahaliya, wato ruwan tekun da aka cire wa gishiri, za a riƙa ban ruwa to da na goyi bayanka, domin tace ruwan teku yana cin wuta da kuɗi ba kaɗan ba. Amma ruwan da bishiyar gari take bukata yana cikin garin tuntuni, shi ne wanda muka yi wanka da wanki da alwala da shi ya bi bututu ya tafi. In aka tace shi ya isa ban ruwa. Shirin mayar da Riyad koriya da aka ƙaddamar a 2019, mai burin bishiya miliyan 7.5, a kan irin wannan ruwan aka gina shi.

Zafin kuma ba abin wasa ba ne, kowa ya ga Hajjin 2024, ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya ne a ƙasa ba inuwa. Kwalta da siminti suna shan rana tun safe su riƙe, dare ya yi su dinga fitar da shi, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kowane gida yana huro nasa zafin waje, shi ya sa bayan isha'i ma ka fito sai ka ji gari bai huce ba. Bishiya tana tare ranar kafin ta taɓa ƙasa, sannan ganyenta yana fitar da tururin ruwa da ke sanyaya iskar wajen. Duk wanda ya tsaya Arfa ya san abin da dalbejiyar filin nan take yi wa alhazai.

Amma akwai bambancin da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma ni a nan nake yawan jan hankalin masu tsara gari. Riyad iskarta busasshiya ce, don haka tafki ko feshin ruwa yana saurin sanyaya wuri. Jidda kuwa iskar ta riga ta jiƙe da laimar teku, gumi ma ba ya bushewa a jikinka, in ka ƙara mata feshi sai dai ka ƙara wa mutane cunkus. Abin da Jidda take so inuwa ce a kan hanyar mai tafiya a ƙasa, daga gida zuwa masallaci, zuwa makarantar yara, zuwa inda ake jiran mota, da kuma barin tituna a buɗe ta ɓangaren teku iska ta samu shiga. Ciyawar ado da ake shimfiɗawa a shataletale kam ina tare da kai, tana shan ruwa kamar me kuma ba wanda ke fakewa a ƙarƙashinta. A ba ni magarya, wadda a nan suke ce wa sidir, da bagaruwa da dalbejiya, masu jure ƙishi in sun kama ƙasa. Bishiyar adon da suke ce wa bazromiya kuwa duk da saurin girmanta a yi nesa da ita daga bututu da tankin ƙasa, saiwarta ɓarna take yi.

Sai maganar ambaliya. Jidda tana tsakanin duwatsu ta gabas da teku ta yamma, ruwan da ya sauka kan duwatsun dole ya gangaro ta kwaruruka, to sai aka gina gidaje da tituna a kan hanyarsa. A Nuwamban 2009 mutum fiye da ɗari suka rasu, unguwar Guwaiza ta fi jin jiki, a Nuwamban 2022 kuma aka yi milimita 179 cikin awa shida. Ba zan ce maka lambu zai shanye wannan ba, irin wannan ruwan sai madatsu da manyan magudanai, kuma an gina su bayan 2009 da 2011. Aikin lambun shi ne ya riƙe wa ruwa hanyarsa kar a gine ta. Dubi Wadi Hanifa a Riyad, kwari ne mai tsawon kilomita 120 da ya zama juji, aka kwashe sharar aka gyara shi aka shuka itatuwan ƙasar, yanzu iyalai na zuwa shan iska, ranar ruwa kuma ya samu inda zai bi. Har kyautar Aga Khan ta tsarin gine-gine ya ci a 2010.

Kai ma Alhaji akwai naka. Ruwan da mukayyif ɗinka ke ɗigarwa, a laimar Jidda za ka iya tara bokiti a yini, ka sa tiyo ka kai shi gindin magarya ɗaya a tsakar gida ko a babbar tukunya a saman bene, ruwan alwala ma haka, amma banda mai omo da bilic. In bakin titi kake son shukawa ka fara tambayar baladiyya, wato hukumar gari, tukuna, suna da irin da suka yarda da shi da tazarar da ake bari daga bututu.