Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan PGD ko mastas

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni kika rubuta. Kin ce kina da 2:2 (sakan kilas lowa) a digirinki, kina aiki, ga yara, kina tunanin ko PGD (difilomar bayan digiri) ta ƙarshen mako za ki yi ko ki shiga mastas gaba ɗaya.

Da 2:2 ɗinki ai ba dole sai kin bi ta PGD ba, masu HND (babbar difiloma) da masu tad kilas (digiri mai daraja ta uku) ne ya zame musu tilas, sai kuma wanda zai canja fanni. In dai ba fanni za ki canja ba, kuɗi da shekara guda kawai za ki ƙona, ki gama kuma mastas ɗin na nan yana jiranki.

Amma kar wani ya ruɗe ki wai mastas wata goma sha takwas ne. Ni ma haka aka ce min. Lakca da jarrabawa ba su ba ni wahala ba, semista biyu na gama, furojet ne ya kusa kashe ni. Sufabaiza na, malamin da ke duba min furojet, ya riƙe min babi na biyu wata biyar, in kira ba ya ɗauka, in tura saƙo ya karanta ya yi shiru. Ranar da ba zan manta ba, ina da cikin wata bakwai, na bar yara wajen maƙwabciya na shiga mota tun asuba, na zauna a benci ƙofar ofishinsa tun ƙarfe tara har aka kira la'asar, ya fito yana danna waya ko kallona bai yi ba ya ce wai bai san inda ya ajiye fayil ɗin ba in sake bugowa. A bandakin mata na je na yi kukana. Har yau in na tuna ƙirjina zafi yake, Allah ya isa ban yafe wannan ranar ba. Ana cikin haka yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo ya cinye wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Shekara huɗu na yi.

Don Allah kafin ki biya ko sisi ki nemi waɗanda suka gama a sashen ki tambaye su waɗanne sufabaiza ne ke sakin ɗalibai. Ki karɓi izinin karatu daga wajen aikinki a rubuce, na baki ba ya tsaya miki ranar da aka canja oga. Transkirif ma, wato takardar sakamakon digirinki, ki fara nema tun yanzu, yana jan ƙafa. Au, kuma in kina da burin PhD ki duba da kyau, mastas na ƙwarewar aiki irin su MBA da MPA ba ko'ina ake karɓarsu kai tsaye ba, mastas na bincike irin MSc ake so.

Ki zauna da maigidan ku yi magana ta gaskiya, wa zai riƙe yara ranar difens (kare furojet), wa zai biya kuɗin mota. Ni ban yi ba, na sha gori. In koyarwa kike kuma ba ki da takardar malanta to PGDE (difilomar koyarwa ta bayan digiri) ki fara yi saboda rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, wannan daban ne. Wane fanni ne ma naki?