Wace kyamara zan saya don ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Jidda, kuma na fara shiga Bahar Maliya da abokai, muna iyo sama-sama muna kallon kifaye da murjani. Ina shirin koyon nutso da tukunyar iska. An ce ruwa ba ya shiga wayata. Ta wadatar, ko sai na sayi kyamara? In sai na saya, wacce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wayar nan ka bar ta a gaɓa. Alamar IP68 ta jure ruwa da ƙura, da ake tallata wayoyi da ita, a ruwan daɗi mara motsi ake gwada ta, na kamar minti 30. Ruwan teku da gishirinsa daban ne, kuma kamfanoni irin su Apple ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar ruwa. In ka nace da ita, sai ka saka ta cikin akwatin kariya irin SportDiver na SeaLife.

Kafin ka duba kowace kyamara, ka san zurfin da za ka kai. Duk mita 10 da ka gangara, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa. Takardar shaidar farko ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, tana ba ka damar kaiwa mita 18. To GoPro, ƙaramar kyamarar bidiyo, tsirara iyakarta mita 10, sai an sa mata akwatinta take kai 60. Kyamarar OM System TG-7, magajiyar Olympus TG-6, tana jure mita 15 ita kaɗai, da akwatin PT-059 kuma 45. Ka ga ke nan ranar da ka goya tukunya, akwati ya zama dole ko wacce ka ɗauka cikin biyun nan.

Abin da masu shago ba sa faɗa maka shi ne matsalar haske ce, ba ta yawan megafiksel ba. Ruwa yana shanye launuka bi da bi. Ja ne ke fara tafiya, wajen mita 5 ya kusa ɓacewa, ruwan lemo ya bi shi, sannan rawaya, har komai ya koma shuɗi. Murjanin da ka gani jajawur a mujalla, fitila ce ta dawo masa da launinsa. Gilashin tace launi mai ja da ake ɗora wa GoPro yana taimakawa a ruwa mara zurfi idan rana ta take, amma ba ya maye gurbin fitila. Ita fitilar kuma kada ta zauna dab da idon kyamara. Ruwa cike yake da ƴan ƙananan tarkace, haske ya doke su ya dawo kai tsaye, hotonka ya fito kamar an ɗauke shi cikin ƙurar hunturu. Shi ya sa ake ɗora fitilu a kan dogayen hannuwa, su haska daga gefe. Sannan ka matsa kusa da abin da kake ɗauka. Zuƙowa daga nesa ba ta rage ruwan da ke tsakaninku.

Ni dai in hoto kake so, TG-7 zan ce ka saya. Tana iya ɗaukar abu daga nisan santimita 1, wanda ke fito da ƙananan halittun cikin murjani, tana kuma ajiye hoto a tsarin RAW, wanda ke ba ka damar gyara launi a kwamfuta. Rauninta shi ne ba ta da ƙarfi inda haske ya yi ƙaranci. In bidiyo ne a ranka, GoPro ko DJI Osmo Action sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo, sai dai ba su iya ƙaramin abu ba. Manyan kyamarori na Sony ko Canon cikin akwatin Nauticam ko Ikelite, ka jinkirta. Sau da yawa akwatin ya kai kuɗin kyamarar ko ya zarce, kuma sabon mai nutso da bai gama iya tsayar da jikinsa cikin ruwa ba, in ya rungumi wannan kaya, murjani zai yi ta karyawa da ƙafa.

Yawancin kyamarorin da ruwa ya cinye, zoben robar da ke bakin murfin akwati ne ya ba da ƙofa. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa. Ka cire shi ka duba a wuri mai haske, ka shafa masa ɗan man silikon da kamfanin ya bayar, ka rufe akwatin a ɗaki mai sanyi tare da ƴar jakar shanye danshi don kada gilashi ya yi hazo. Bayan ka fito, ka jiƙa akwatin a rufe cikin ruwan famfo kana danna maɓallan kafin gishiri ya bushe. Sabon akwati kuwa, fara nutsa shi babu kyamara, da takardar goge hannu a ciki. In ta fito a bushe, sannan ka saka kyamarar.