Amsoshin Tambayoyinku: Shiga Na'urorin Sadarwa da Python da Rarraba Rubutun da Suke Mayarwa

Wani matashi mai kula da na'urorin sadarwa na wata makaranta ya rubuto yana cewa: "Malam, suwic kusan arba'in na Cisco ke hannuna, da rauta kaɗan na MikroTik. Kullum sai na shiga su ɗaya bayan ɗaya, in buga suna da kalmar sirri, in duba lafiyarsu. Wasu sun ce in koyi Expect, wasu sun ce Python, wani kuma ya ce in sayi manhajar kuɗi. Wanne zan ɗauka, kuma ko ya kamata in sayi tsohon suwic domin gwaji?"

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin duk abin da wannan aiki yake buƙata a matakin da kake kyauta ne. Expect, wanda Don Libes ya fitar a 1990 bisa harshen Tcl, ya daɗe yana yi wa masu wannan sana'a hidima, kuma tsarinsa mai sauƙin fahimta ne: ka jira na'ura ta nuna wata kalma, sai ka aika mata amsa. Sai dai wanda zai fara koyo yau gara ya zuba ƙarfinsa a Python, saboda ilimin da ya samu zai yi masa amfani a wasu ayyukan da ba na shiga na'ura ba. Ka tabbata Python 3 ka saka, domin an daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairu 2020, kuma tsofaffin darussa da yawa da ke yawo a intanet da shi aka rubuta su. Haka kuma duk darasin da ya dogara da telnetlib, sashen Python na shiga na'ura ta tsohuwar hanyar Telnet, ka wuce shi, domin an cire shi daga Python 3.13, ga shi kuma Telnet yana aika kalmar sirri a fili, duk mai leƙen layin zai iya karanta ta. SSH, mai ɓoye abin da ake aikawa, wanda ke amfani da ƙofar sadarwa mai lamba 22, shi ne hanyar da ta dace.

Laburaren Python (wato tarin shirye-shiryen da aka riga aka rubuta) da nake ba ka shawara shi ne Netmiko, wanda Kirk Byers ya gina a kan Paramiko, wani laburare na yin SSH. Amfaninsa shi ne ya san halin kowace na'ura: idan ka gaya masa cisco_ios ce ko mikrotik_routeros, zai gane inda take jiran umarni, kuma a Cisco zai aika terminal length 0 da kansa domin kada amsa ta tsaya rabi tana jiran ka danna maɓalli. Wanda ya fara da Paramiko tsagwaronsa shi zai ɗauki duk wannan ɗawainiyar, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke karaya.

Game da sayen suwic, ban ga dalilin gaggawa ba. MikroTik suna ba da CHR kyauta, wato rautarsu ta manhaja zalla, wanda za ka iya kunnawa a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka. Lasisin kyautar ya taƙaita gudu zuwa megabit 1 a daƙiƙa a kowace ƙofa, amma hakan bai hana koyon shiga da aika umarni ba. Cisco ma suna da DevNet Sandbox, inda ake gwaji a kan na'urorinsu ba tare da biya ba. Idan har kuɗi zai fita, na fi son ya tafi wajen ƙara wa kwamfutarka RAM. In kuwa ranka ya kafe sai ka taɓa ƙarfe da hannunka, to kafin ka biya kuɗin tsohon Catalyst 2960 ka sa mai kayan ya kunna shi, ka buga show version, ka duba ko sunan manhajar cikinsa yana ɗauke da k9, domin wanda ba shi da shi ba ya yin SSH. Kada kuma ka manta da wayar konsol mai bakin USB.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce da ta riga ta fara: "Na ajiye adireshi da suna da kalmar sirri a fayil, waƙafi ne ya raba su. Ina amfani da split, amma na'ura tana cewa kalmar sirrin ba daidai ba ce, alhali da hannu tana shiga. Kuma idan na raba amsar show ip interface brief, wasu layukan suna rikicewa. Ko kwas na kuɗi zan shiga?"

'Yar'uwa, matsalarki ba ta kai ga biyan kuɗin kwas ba, kuma abin da ya same ki ya taɓa cinye mini yini guda. Kowane layi da Python ya karanto daga fayil yana zuwa da alamar ƙarshen layi, wato \n, wadda ido ba ya gani, kuma tunda kalmar sirri ce a ƙarshe, ita ce take kwasar wannan alama. Ki sa layi.strip() kafin ki raba, ko ki buga print(repr(layi)) ki ga ɓoyayyen da idonki. Abu na biyu, idan kalmar sirrin kanta tana da waƙafi, split(",") zai tsinka ta biyu. Ki rubuta split(",", 2), wanda zai yanka sau biyu kawai ya bar sauran a dunƙule. Amma shawarar da ta fi wannan ita ce ki cire kalmar sirri daga fayil ɗin baki ɗaya, ki bar adireshi kaɗai, ki sa getpass, sashen Python mai karɓar kalmar sirri ba tare da nuna ta ba, ya tambaye ki ita sau ɗaya duk lokacin da kika kunna shirin. Fayil yana yawo a filasha da imel, kuma duk wanda ya same shi ya samu makullin gidan gaba ɗaya.

Rikicewar layuka kuwa tana da tushe biyu. Idan kika rubuta split(" ") da fili a tsakiya, kowane fili zai zama mayanka, kuma tunda Cisco tana jera filaye da yawa domin daidaita ginshiƙai, za ki tashi da tarin guntaye marasa komai a ciki. split() da ba a sa masa komai ba shi ne yake ɗaukar jerin filaye a matsayin ɗaya. Tushe na biyu ya fi ɓuya. Layin ƙofar da ke aiki yana rabuwa gida shida: sunan ƙofa, adireshi, YES, hanyar da aka saka adireshin, up, up. Amma ƙofar da aka rufe da gangan tana nuna administratively down, kalmomi biyu a gurbi ɗaya, sai layin ya zama gida bakwai, abin da kike nema a gurbi na shida ya gusa. Maganinsa shi ne ki ƙirga gurbin ƙarshe daga baya: idan kika kira guntayen layin sassa, to sassa[0] sunan ƙofa, sassa[1] adireshi, sassa[-1] na ƙarshe ko layin ya tsawaita ko bai tsawaita ba. Ki raba amsar zuwa layuka da splitlines(), ki kuma tsallake layin farko domin kanun ginshiƙai ne. Idan kika saba da wannan, ki gwada use_textfsm=True a cikin send_command na Netmiko, wanda ke amfani da TextFSM, da aka ƙirƙira a Google, ya miƙo miki amsar a tsare; na fi son ki fara wahala da split ɗin, domin ranar da samfurin da TextFSM ke bi wajen raba amsar bai dace da na'urarki ba ki san inda za ki duba.

Ku biyun ina roƙonku abu ɗaya: ku nemi izinin shugabanninku kafin ku kunna shirin a kan na'urorin wurin aiki, ku gwada a na'ura ɗaya tak, kuma ku tsaya a umarnin show har sai hannunku ya faɗa kafin ku taɓa send_config_set, wanda ke canza saitin na'ura. Inda ake tantance masu shiga ta RADIUS ko TACACS+, wato inda duk na'urorin ke duba kalmar sirri a wuri ɗaya, shirin da ya buga kalmar sirri ba daidai ba a na'ura arba'in a jere yana iya sa a kulle asusun, don haka ku rubuta shi yadda zai tsaya cak da zarar na'urar farko ta ƙi karɓar kalmar.