Hukuncin Kai Yara Gidan Zoo Kallon Dabbobi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Duk sallah nakan kai yarana gidan zoo na Audu Bako da ke Kano, har sun haddace kejin zaki da na kura, bayan mun dawo ma suna ta tambayar lafiyar jimina. Sai maƙwabciyata ta ce haramun ne, wai kuɗin shigarmu ke taimakawa ana tsare halittun Allah. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, zuwanku halal ne, kuɗin shigar ma babu laifi a kansa. Allah da kansa ya ce a duba, a aya ta 17 ta Suratul Gashiya: shin ba sa kallon raƙumi yadda aka halitta shi? Yaron da ya tashi a birni, idan ya tsaya gaban zaki uwarsa ta ce masa "Allah ne ya yi wannan", ya samu darasin tauhidi da zai daɗe a ransa.

Sai dai damuwar maƙwabciyarki tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa. To amma a lura da lafazin hadisin: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Yunwar ce ta jawo azabar. Shi ya sa da Annabi (SAW) ya san ƙanin Anas, Abu Umair, yana riƙe da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, bai ce a sake shi ba, har tambayar tsuntsun yake yi. Daga nan malamai suka fitar da halaccin tsare dabba, matuƙar za a ba ta ci da sha da magani, da wurin da za ta iya motsawa. Wannan nauyin yana wuyan masu kula da gidan.

Ku ma masu ziyara kuna da naku, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Na sha ganin yara suna jifan biri da dutse ko suna tsokanar kura da kara, iyaye na tsaye suna dariya. Wannan cutarwa ce, haramun ce. Haka miƙa wa dabba leda ko abincin da ma'aikata suka hana.

Tunda kuna bibiyar dabbobin nan, idan wata rana kika ga ɗaya ta rame ko kwanon ruwanta ya bushe, ki sanar da ma'aikata cikin mutunci. Annabi (SAW) ya ce akwai lada cikin kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai.

Ranakun sallah cunkoson maza da mata ya kan yi yawa, don haka na fi so ku je da hantsi ko bayan an gama shagulgula, kada kuma kallo ya sa azahar ko la'asar ta wuce ku. Allah ne mafi sani.