An shafa wa gidanmu jan fenti saboda aikin titi da tasha: mene ne haƙƙinmu?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Gidanmu na gado ne, a wata unguwa da ke bayan garin Zariya, wadda a da gonaki ce, yanzu gari ya cim mata. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi filin a hannun wani manomi sama da shekara 30 da suka wuce, kuma takardar da muke da ita ta ciniki ce mai hatimin mai unguwa. Makon jiya wasu mutane suka zo da tef da gwangwanin fenti, suka yi awo, suka shafa jan kuros a katanga da shaguna 2 na ƙofar gida, suka rubuta lamba. Sun ce za a faɗaɗa hanya, a yi kwata, a gina tashar mota da ta masu keke Napep a filin bayanmu inda muke da mangwaro. Ba su ba mu takarda ba. Wasu na cewa aikin ƙaramar hukuma ne, wasu na cewa na jiha. Maƙwabta har sun fara cire kwano da ƙofofi. Mu ma mu cire? Za mu iya hana aikin? In ba za mu iya ba, me za a biya mu?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata namu zuwan. Kada ku cire ko ƙusa ɗaya tukuna. Diyya a dokar Najeriya kan abin da aka gani tsaye a filin ake lissafa ta, don haka wanda ya kware rufinsa kafin masu ƙiyasi su zo, kango za su rubuta masa, kuɗin kango kuma za a ba shi.

Jan fenti ba sanarwa ba ne a idon doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin zama a fili saboda amfanin jama'a. Titi da layin dogo suna cikin ayyukan da sashe na 51 ya ambata da suna, tasha kuma tana shiga ƙarƙashin aikin da jama'a za su amfana da shi. Sai dai sokewar tana da ƙa'ida: a rubuce za ta zo, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, a kuma isar da ita ga mai filin. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isarwa: a miƙa hannu da hannu, ko a bari a gidan da aka san mutum da shi, ko a aika ta gidan waya da rajista, in kuma an bincika ba a gano mai wurin ba, a liƙa a inda kowa zai gani a jikin ginin. Haƙƙinku ba ya faɗuwa sai ranar da takardar ta iso ku, ko ranar da aka rubuta a cikinta in tana gaba. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan wannan tun shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, inda ta nuna cewa sokewar da ba a sanar da mai fili yadda ya kamata ba, ba ta da ƙarfi. Sanarwa a rediyo ko shelar mai unguwa ba sa maye gurbin takardar.

Aikin wane ne? Ku fara gano wannan, domin shi zai nuna ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ginin tashoshin mota da kasuwanni da kula da su, da titunan cikin unguwa, kwatoci da fitilun hanya. To amma samun ikon gina tasha daban, ikon karɓar filin da za a gina ta daban. Idan gwamna ya ayyana unguwarku cikin yankin birni a ƙarƙashin sashe na 3 na Dokar Amfani da Ƙasa, ƙaramar hukuma ba ta da hurumin karɓar filinku da kanta, sai ta nemi gwamna ya soke. Idan har yanzu a lissafin karkara kuke, sashe na 6 ya ba ta damar shiga fili don amfanin jama'a, da sharaɗin ta biya diyyar gini da shuka, kuma in gona ce ake nomawa ta ba da wata gonar a madadi. In ta yi ta jan ƙafa, gwamna na da ikon sa a yi ƙiyasi ya umarce ta ta biya. A unguwannin gefen Zariya da Sabon Gari, ta wajen Dakace, Basawa ko Bomo, ido ba ya raba birni da karkara, sai an duba taswirar KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Kaduna. Titin jiha yawanci yana hannun KADRA, hukumar titunan jiha, ko ma'aikatar ayyuka, izinin gini da rusau kuma na KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha. Idan hanyar ta tarayya ce, kamar wadda ta taso daga Kaduna ta wuce Kano, akwai wani tarko: gwamnatin tarayya na ɗaukar mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe a matsayin filin hanya, kuma wanda ya yi gini a ciki bayan an shata hanyar, da wuya ya ga diyya.

Hanyar ganowa mai sauƙi ce. Ku duba allon kwangila in an kafa, yana ɗauke da sunan mai aikin da na ɗan kwangila. Sannan ku rubuta wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma, da kwafi zuwa KADGIS da KASUPDA, ku tambayi wanda ya sa alamar, faɗin da za a ci daga tsakiyar hanya, takardar sokewa, da ranar ƙiyasi. Ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimin, gobe za a ce ba a gan ta ba.

Batun hana aikin kuwa, gaskiya ɗaya ce: idan an bi ƙa'ida kuma aikin na jama'a ne, kotu ba za ta hana titi wucewa don gidanku ba. Inda ake cin nasara shi ne in ba a ba da sanarwa ba, ko wanda ya karɓi filin ba shi da ikon karɓa, ko an fake da sunan jama'a an ba wani mutum. Wannan na ƙarshen ku sa masa ido a kan filin mangwaron. Idan aka karɓa da sunan tasha, daga baya aka yanka shi fuloti-fuloti aka raba wa 'yan kasuwa, kuna da hujjar neman kotu ta rushe karɓar. Abin da ya fi sauƙin samu tun kafin katafila ta iso shi ne gyaran layi: ku nemi ganin zanen, domin wani lokaci matsar da kwata da mita 1 ko 2 kan tsirar da ɗaki. Irin wannan roƙo ya fi karɓuwa in unguwa ce ta kai shi a rubuce ta hannun mai unguwa da kansila da hakimi, kafin a zuba kankare.

Yanzu ga inda mutane suka fi shan mamaki. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta biyan diyya cikin hanzari, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu kan adadinta. Amma ma'aunin yana sashe na 29 na Dokar Ƙasa, kuma ma'auni ne mai rowa. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta na kasuwa, abin da ake mayarwa shi ne kuɗin hayar ƙasa da mutum ya biya gwamnati a shekarar da aka soke, in ya biya. Fulotin da dillalai ke yi wa kuɗi da miliyoyi, in babu komai a kansa, kusan hannu rabbana mai shi zai tashi. Gini ana lissafa abin da za a kashe a sake irinsa, a cire tsufan da ya yi. A misali kawai, shagon da sake gina shi zai ci Naira miliyan 4, in mai ƙiyasi ya ce rubu'insa ya tafi da tsufa, miliyan 3 zai rubuta. Idan biyan ya yi jinkiri, doka ta ce a ɗora ruwa gwargwadon na banki, ko da yake wasu kan bar wannan kason saboda addini, wannan kuma zaɓinku ne. Itatuwa da amfanin gona suna da jadawalin farashi na gwamnati, kuma mangwaro mai 'ya'ya kuɗinsa ya fi na dashe, don haka ku tabbatar an rubuta kowace bishiya da girmanta.

Ranar ƙiyasi ita ce ranar shari'arku ta gaskiya. Kafin ta zo, ku ɗauki hoto da bidiyo na komai, da jan kuros ɗin da lambarsa a ciki. Ku auna tsawo da faɗin kowane ɗaki da shago, ku rubuta ko ginin bulo ne ko na ƙasa, bulon inci 6 ne ko 9, irin kwanon, silin, daɓen siminti ko tayil, ƙofofin ƙarfe, wayarin. Abubuwan da aka fi mantawa su ne waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa ko a gefe: rijiya da zurfinta, masai da sokawe, harsashin katanga, dakalin ƙofar gida, rumfar shago. A ranar, babba daga cikinku ya bi masu ƙiyasi ƙafa da ƙafa, ya karanta fom kafin ya sa hannu, ya ɗauki hotonsa. Kada a sa hannu a fom da ba a cike ba, ko da an ce za a ƙarasa a ofis. In da hali ku ɗauki naku mai ƙiyasin gidaje mai rajista, ko unguwa ta haɗa kuɗi ta ɗauki guda. Yawanci kaso suke karɓa daga diyyar, to a rubuta kason tun farko, kuma kada ku ba kowa wakilcin karɓar kuɗi a madadinku, a biya ta asusunku. Sabon gini bayan an yi ƙidaya asara ce, ba a lissafa shi.

Tunda gaban gidan za a yanke, ku sa a rubuta abin da yankan zai jawo wa sauran: sabuwar katanga, sabuwar ƙofa, ɗakin da zai rasa bango guda. In ba ku faɗa ba, iya abin da tef ya ci za a auna.

Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki da daɗewar zama, ba ta kai takardar mallaka ta gwamna ba, wadda ake kira C of O. Rashin C of O bai hana diyya ba, domin sashe na 29 ya ambaci mai riƙe da fili da wanda ke zaune a kai, kowa gwargwadon abin da ya kashe. Inda za a iya matsa muku shi ne izinin gini, musamman na shagunan, in an ce sun shigo filin hanya. Ku tattaro duk abin da ke nuna shekarun ginin: tsofaffin takardun wuta, rasit na haraji, dattawan da suka ga an aza harsashi. Idan ginin ya riga shata hanyar, hujjarku ta yi ƙarfi. Kuma da yake gidan gado ne, magada su zauna su wakilta mutum 1 ko 2 a rubuce, kowa ya sa hannu har da mata, domin diyyar dukiyar gado ce da za a raba bisa kason kowa. Sau da yawa rigimar 'yan'uwa ce ke sa a riƙe kuɗi a ofis. Ɗan haya da ya yi wa shago gyara da kuɗinsa, shi ma a rubuta nasa daban.

Idan aka yi muku tayin wani fili ko gida a madadin kuɗi, sashe na 33 na Dokar Ƙasa ya yarda, amma wanda ya karɓa ya rufe ƙofar neman ƙari, kuma in sabon wurin ya fi tsohon daraja, bambancin zai iya zama bashi a kansa. Ku je ku ga wurin da idonku, ku ga takardarsa. Idan kuma allon ya nuna da kuɗin Bankin Duniya ake aikin, ƙa'idarsu ta fi tamu kyautata wa mai gida: cikakken kuɗin sake gini ba tare da cire tsufa ba, biya kafin rusau, da kwamitin karɓar koke.

In adadin bai yi muku ba, ku rubuta ƙin amincewa nan take, ku haɗa da rahoton mai ƙiyasinku. Sashe na 30 ya ce a kai saɓanin gaban kwamitin rabon filaye na jiha. Sashe na 47 ya so ya hana kotu duba adadin diyya, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar wani mai ƙara mai suna Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna ta 1986, ta ce hanin ya ci karo da Kundin Tsarin Mulki. Babbar Kotun Jiha da ke zama a Zariya ita ce wurin zuwa. Ku kula da takardar da ake sa hannu ranar biya: in an rubuta cewa kun karɓa a matsayin cikakken biya na ƙarshe, komawa kotu zai yi wuya. Wanda buƙata ta tilasta wa karɓa, ya fara shigar da wasiƙar cewa ya karɓa ne ba tare da ya yafe sauran ba.

Lokaci ma yana cin mutum. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, kuma ko da yake kotuna sun ce ba ta shafi ƙarar neman fili ba, lauyan gwamnati zai ɗaga ta, don haka ku shiga cikin wata 3 ɗin ku huta da gardama. Hukumomi da dama kuma sai an ba su sanarwar niyyar ƙara, galibi ta wata 1, kafin a kai su kotu. Umarnin dakatar da rusau ana samunsa ne gini na tsaye. In katafila ta zo ba takarda ba biya, kada ku tare ta da jiki ko jifa, hakan kan mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma. Ku ɗauki bidiyo, ku rubuta lambar motoci da sunan hukumar da ke jikinsu, ku kai wa lauya a ranar tare da kwafin wasiƙunku masu hatimi.